Tambaya da Amsa: Lambobin da ke buɗe shafukan gwaji a tsohuwar waya

Yawancin wasiƙun da suka shigo mana a wannan karo a kan abu ɗaya suke: lambobin da ake dannawa a waya ta buɗe shafukan da kamfani ya ɓoye domin injiniyoyinsa da masu gyara. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Duk inda aka ga * a nan tauraro ke nan, # kuma gidan dara.

Tambaya: Assalamu alaikum. An turo mini jerin lambobin sirrin waya a WhatsApp, na gwada su bi da bi, amma biyu ko uku ne kawai suka yi aiki, sauran sai wayar ta ce lambar ba daidai ba ce. Ƙarya ce, ko wayata ce ba ta da kyau? *Mai karatu daga Gusau*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba lallai ƙarya ba ce, kuma ba laifin wayarka ba ne. Masu haɗa irin wannan jeri sukan cakuɗa lambobin da ba gidansu ɗaya ba. Akwai na gama-gari da tsarin GSM ya tanada, kowace waya ta san su, kamar *#06# mai fito da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Akwai waɗanda kamfanin layi ne ke amsa su, ba wayar ba, kamar *310# na duba kuɗi a Najeriya: sai ka danna kira, saƙon ya tafi, amsa ta dawo, in babu sim ko babu sabis ba za su yi ba. Sauran kuma na kamfanin da ya ƙera wayar ne, ko na wanda ya ƙera injin cikinta. Ta Nokia ba ta aiki a Samsung, ta Samsung ba ta aiki a Tecno.

Lambar da ta dace da wayarka, yawanci da ka danna alamar ƙarshe shafin yake buɗewa da kansa. In bai buɗe ba ka danna kira, wayar za ta miƙa wa kamfanin layi lambar, shi kuma bai san ta ba, shi ne yake dawo maka da saƙon kuskure. A wayar Android ka yi amfani da manhajar kira da ta zo da wayar, domin wasu manhajojin kira da ake saukewa ba sa miƙa lambar inda ya kamata.

Abin da ya fi damunmu shi ne gwada su bi da bi da ka yi. Wasu lambobin nunawa kawai suke yi, wasu suna canza saiti, wasu kuma gogewa suke yi. A tsofaffin Samsung, *2767*3855# tana share komai, lambobin mutane da hotuna da saƙonni, kuma ba ta tambayarka ko ka yarda. Kada ka sake danna lambar da ba ka san aikinta ba, kuma duk shafin da za ka taɓa wani abu a cikinsa, ka fara ɗaukar hotonsa da wata wayar.

Tambaya: Ina son sayen Nokia 6300, mai ita ya ce sabuwa ce fil. Ta yaya zan tabbatar? *Wata mai karatu daga Katsina*

Amsa: Malama, Nokia 6300 ta asali mai jikin ƙarfe a 2007 ta shigo kasuwa, saboda haka yawancin waɗanda ake gani yanzu a kwali tsofaffi ne da aka sake wa gida. Wannan ba aibi ba ne in injin yana da lafiya, amma ki san abin da kike biya. Akwai kuma wata 6300 4G da ta fito a 2020, ita wata waya ce dabam.

Ki fara da *#06#, ki rubuta lambobi 15 da suka fito. Ki kashe wayar, ki cire batir, ki gwada su da na takardar da ke manne a ƙarƙashinsa. In sun saɓa, an canza inji ko gida. Takwas na farko suna nuna samfurin wayar, shida na biye nata ne ita kaɗai, ta ƙarshe kuma lissafi ne ke fitar da ita, kina iya gwadawa da biro. A ɗauki 490154203237518 a matsayin misali. A ajiye 8 ta ƙarshe. A ninka ta biyu da ta huɗu da ta shida, haka har ta goma sha huɗu. In ninkin ya kai goma a haɗa lambobinsa biyu, wato 18 ta koma 9, 14 ta koma 5. Jimlarsu 30. Waɗanda ba a ninka ba jimlarsu 22. An sami 52, saura 8 a cika 60, ita ce lambar ƙarshe. IMEI ɗin da bai ci wannan lissafi ba ƙirƙirarsa aka yi.

Sai *#0000#. Za ta nuna sigar manhajar wayar da kwanan watanta, da lambar samfuri. Ta 6300 ita ce RM-217. Jabun da aka yi wa kamar Nokia yawanci ba sa buɗe wannan shafi yadda ya kamata.

Ta uku ita ce *#92702689#. A wasu wayoyin Nokia tana nuna watan da aka ƙera wayar, da ranar saye, da ranar gyara, da wani layi mai suna Life timer. A wasu kuma Life timer kaɗai. Shi ne jimlar lokacin da aka yi ana magana da wayar tun da aka ƙera ta. In kika ga 000312:45, awa 312 da minti 45 ke nan, wayar ta sha kunne. Mayar da saiti na kamfani ba ya goge shi, amma akwatin filashin na masu gyara yana iya mayar da shi sifili. Don haka lamba mai yawa shaida ce, sifili kuwa ba shaida ba ce. Ki haɗa da duba kawunan ƙananan kusoshin jikinta ko sukurdireba ya cinye su. Kada ki taɓa wurin ranar saye, sau ɗaya tak ake iya rubuta shi. A wasu samfuran ba a fita daga shafin sai an kashe wayar an kunna.

Tambaya: Ni mai koyon gyaran waya ne. Na ji ana cewa tsohuwar Nokia 3310 tana da wani ɓoyayyen shafi mai nuna ƙarfin sabis da lamba, har da nisan ƙarfen sabis. Wace lamba ake dannawa? *Mai koyon gyara, Zariya*

Amsa: Ɗan'uwa, shafin yana nan, sunansa Net Monitor, amma babu lambar da za ka danna a madannai ta buɗe shi. Da igiya da kwamfuta ake kunna shi, sau ɗaya, daga nan ya zauna a ƙarshen jerin shafukan wayar ko an cire batir. Hanyar tana aiki a kan dangin da masu gyara ke kira DCT3, wato irin su 3210 da 3310 da 5110 da 6110 da 8210. Ba ta aiki a kan 1100, domin ita daga zuriyar da ta biyo baya take, haka ma sabuwar 3310 ta 2017, wadda suna kawai ta gada.

Cire batirin 3310, za ka ga ɗigo huɗu na tagulla a cikin wani ɗan rami. Su ne MBUS, da ƙasa, da na karɓa da na aikawa na FBUS. MBUS da FBUS hanyoyi biyu ne da wayar ke magana da kwamfuta. Igiyar da aka yi domin wannan waya tana da allurai huɗu masu sifirin, ana maƙala ta a wurin, a ɗora batir a bayanta. Ɗaya bakin nata na tsohuwar kafar COM ce mai tsinke tara, don haka a kwamfutar yanzu sai ka nemi abin da ke juya USB zuwa COM. In da kanka za ka haɗa igiyar, ka kiyaye abu biyu. Ɗigogin nan da wutar wajen bolt 3 suke aiki, kafar COM kuwa tana iya fitar da har bolt 12, in ka jona kai tsaye ka ƙona injin. Ka yi amfani da ƙaramin allon USB mai fitar da bolt 3.3. Na biyu, na aikawar kwamfuta da na karɓar waya ake haɗawa, na karɓar kwamfuta da na aikawar waya. Juya waɗannan biyu shi ne kuskuren da ya fi yawa, alamarsa kuma ita ce wayar ta yi shiru kamar ba a jona komai ba.

Manhajar da za ka sa a kwamfutar ita ce Gammu, kyauta ce. A fayil ɗin saitinta ka rubuta kafar da igiyar ta hau, misali COM3, ka sa nau'in haɗin ya zama fbus. Ka kunna wayar, ka rubuta gammu identify. In IMEI da sunan samfuri suka fito, igiya ta yi. In ba su fito ba, goge ɗigogin da auduga da sifirit, ka duba ko allura ɗaya ta lanƙwashe, ko ka koma mbus, wanda silin waya ɗaya yake bi, ya fi jinkiri amma ya fi haƙuri. Sai ka rubuta gammu nokianetmonitor 243. Wasu wayoyin sai an kashe an kunna kafin shafin ya bayyana.

Ka shiga Net Monitor, zai tambaye ka lambar gwaji. Sa 01. A layin sama, lamba ta farko ita ce tashar da wayar ke kai. Daga 1 zuwa 124, ko 975 zuwa 1023, zangon 900 ne. Daga 512 zuwa 885 zangon 1800 ne. Ta biyu ita ce ƙarfin sabis da ma'aunin dBm, kullum ƙasa da sifili take, kuma in ta kai 100 wayar ba ta nuna alamar ɗebewa saboda ƙarancin wuri. A aikace, -50 zuwa -75 sabis ne mai ƙarfi, -76 zuwa -90 ya isa kira, daga -95 murya ta fara yankewa, in an wuce -102 kira yana iya faɗuwa ko yaushe. Ta uku ita ce ƙarfin da wayar ke aikawa da shi lokacin kira. A zangon 900, mataki na 5 shi ne ƙololuwa, wat 2, mataki na 19 shi ne mafi ƙanƙanta. Wannan ne ya sa batir ke saurin ƙarewa a inda sabis ba shi da ƙarfi: ƙarfen sabis ne ke umartar wayar ta ƙara ƙarfi don ya ji ta.

Nisan da ka tambaya yana layi na biyu, lamba ta biyu, ana kiranta TA. Tana tafiya daga 0 zuwa 63, kowane ɗaya kusan mita 550 ne, shi ya sa iyakar GSM ta tsaya a wajen kilomita 35. In ka ga 4, ƙarfen yana nisan kilomita biyu da 'yan kai. Lokacin kira kawai lambar ke sabuntawa, saboda haka ka kira wani layi kana kallon allon. In ka manta wace lamba ce wace, danne tauraro na ɗan lokaci, sunayensu za su maye gurbinsu. Sake dannewa su dawo.

Gwaji na 03 zuwa 05 yana jera tashoshin maƙwabta da ƙarfin kowace. Na 11 yana nuna lambar ƙasa da ta kamfanin layi da ta yanki da ta ƙarfen kansa. Na 20 na batir ne: 389 na nufin bolt 3.89, lambar da ke bayan T zafinsa ne, ta bayan C kuma wutar caja.

Ga inda wannan shafi ke biyan kuɗin igiyarsa a teburin gyara. An kawo maka waya ana cewa ba ta kama sabis. Ka ajiye 3310 ɗinka kusa da ita da layin kamfani ɗaya. In 3310 ta nuna -100, matsalar wurin ce, babu dalilin buɗe wayar mutum. In ta nuna -70 amma ɗayar tana ta nema, sai ka buɗe, ka fara da inda eriya ke taɓa inji, domin tsatsa da sakin sifirin a nan suka fi kamawa. Ka tuna dai 2G kaɗai 3310 ke gani.

Hattara da lamba uku. Gwaji na 17 yana ɗaure wayar a tasha ɗaya, na 18 yana barin fitilun allo a kunne su cinye batir, na 19 kuma yana iya sa wayar ta daina hawa tashoshin da aka buɗe wa jama'a, sai sabis ya ɓace gaba ɗaya. Wucewa ta kansu da madannin sama da ƙasa ba ya canza komai. Rubuta lambarsu kai tsaye ne ke juya saitin. In ka sa 0 allon zai koma yadda yake. In ka sa 241 shafin zai ɓace, sai ka sake ɗauko igiya. In ka sa 242 zai rage maka gwaje-gwajen zuwa na farko-farko, kuma madannai ba sa dawo da sauran.

Tambaya: Ƙauyenmu yana kusa da iyakar Nijar. Wayata ta Android tana nuna sanda uku amma intanet ba ya tafiya, wani lokaci kuma kuɗina ya yi ta raguwa. Wani ya danna mini wata lamba ya sa ta a 4G zalla, tun daga nan kira ba ya shigowa. *Mai karatu daga Jihar Jigawa*

Amsa: Malam, lambar da aka danna maka kusan tabbas *#*#4636#*#* ce. Ka sake danna ta, ka shiga Phone information, ka gangara zuwa Set preferred network type. Za ka tarar an zaɓi LTE only, wato 4G zalla. In layinka ko wayarka ba sa ɗaukar murya ta kan 4G, wayar dole ta sauka zuwa 3G ko 2G duk lokacin da kira ya zo, wannan zaɓi kuma ya toshe mata hanyar sauka. Har lambar duba kuɗi tana iya daina aiki. Ka mayar da shi kan zaɓin da ya haɗa LTE da WCDMA da GSM, wato 4G da 3G da 2G. A shafin akwai madannin kashe rediyon wayar da wurin zaɓen zango. Kada ka taɓa su.

Sandunan saman allo ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da yadda yake zana nasa. Layin Signal strength shi ne gaskiyar. Ma'aunin 4G ya bambanta da na 2G da muka bayar a sama: -80 zuwa -90 yana da kyau, -100 zai yi aiki, -110 intanet zai yi ta tsayawa, -120 kusan babu. In wani ma'auni mai suna asu wayar ta fi nunawa, a 4G ka ɗebe 140 daga lambar, a 2G ka ninka ta biyu ka ɗebe 113. Ka zagaya gida da wayar, ka tsaya rabin minti a kowane wuri, domin lambar ba ta canzawa nan take: cikin ɗaki, bakin taga, tsakar gida, bayan katanga. Rufin kwano da bangon siminti suna cin sabis sosai. Kowane 3 da lambar ta gyaru, ƙarfin ya ninka. In ta gyaru da 10, ya ninka sau goma. Inda ta fi kyau nan za ka ajiye wayar in za ka raba intanet.

Batun kuɗi kuwa, ka duba sunan kamfanin da wayar ke kai a wannan shafin. Inda take nuna lambar ƙasa, 621 Najeriya ce, 614 Nijar. A bakin iyaka waya takan hau ƙarfen ƙetare in ya fi ƙarfi, sai a caje ka kuɗin wanda ya fita ƙasar waje kana zaune a gidanka. Ka shiga saitin sim, ka kashe zaɓen kamfani na kai-tsaye, ka zaɓi naka da hannu, ka kuma kashe datar yawo.

Tambaya: Na danna *#62# sai na ga wata lamba da ban sani ba. An ce alama ce ana sauraron kirana. Hankalina ya tashi. *Wata uwa daga Kaduna*

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wannan lamba ba ta da alaƙa da sauraron kira. Tana nuna inda ake tura kiranki ne in wayarki tana kashe ko babu sabis, kuma galibi lambar da ke fitowa ta akwatin saƙon murya ce na kamfanin layinki. *#61# tana nuna inda kira ke zuwa in ba ki ɗauka ba, *#67# in kina kan wani kiran, *#21# kuma in an karkatar da duk kira ba tare da sharaɗi ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ya kamata ki ga a kashe.

In lambar da ta fito ta yi kama da ta mutum, ko kina da shakka, danna ##002# ki kira, za ta soke duk wata karkatarwa. Kina kuma iya kiran 300 ki tambayi kamfanin layinki ko lambar tasu ce. Haɗarin gaske yana wani wuri: 'yan damfara sukan kira mutum su ce ya danna lambar da ta fara da **21* sannan wata lambar waya ta biyo. Wanda ya yi haka ya miƙa musu duk kiransa, har da kiran da WhatsApp ke yi don karanto lambar tabbatarwa. Ki gargaɗi yaran gida a kan wannan.

Tambaya: Tsohuwar Samsung Galaxy ɗina tana nuna caji kashi 60, amma da na fara kira sai ta mutu. Batir ne ko inji? *Ɗalibi daga Sakkwato*

Amsa: Yawanci batir ne, kuma kana iya tabbatarwa kafin ka kashe ko sisi. Danna *#0228#, ka dubi layin Voltage. In ya nuna 3850, bolt 3.85 ke nan. Batirin da aka rubuta 3.7 a jikinsa yana cika a 4.2, mai 3.8 kuma a 4.35, dukansu in suka sauka wajen 3.4 waya ta kusa mutuwa. Ka cika caji, ka cire caja, ka jira minti goma, ka duba. In ya riga ya faɗo ƙasa da 4.0 ba a yi komai da wayar ba, ya gaji.

Dalilin mutuwa lokacin kira shi ne a 2G waya ba ta jan wuta a hankali. Fizga take yi, sau 217 a daƙiƙa ɗaya, kuma inda sabis ba shi da ƙarfi kowace fizga tana iya kusantar amfiya 2. Tsohon batir yana riƙe bolt ɗinsa in ba a matsa masa ba, amma da fizgar ta zo sai ya faɗi ƙasa da abin da injin ke buƙata. Datti ko sakin haƙoran da ke taɓa batir suna kawo irin wannan alama, don haka ka goge su, ka ɗan ɗago su da tsinke in sun kwanta. Ka ɗora batirin a kan tebur mai santsi ka murza shi. In ya juya kamar katantanwa ya kumbura, kada ka sake sa shi a caji. Madannin Quick Start da ke shafin lissafin kashi kawai yake sakewa, ba ya gyara batir. In ka sa sabon batir mai kyau wayar ta ci gaba da mutuwa a kira kaɗai, sai a duba ɓangaren da ke ƙara ƙarfin aikawa a kan inji.

Tunda Samsung ce, ka san *#0*# ma. Tana buɗe allo mai akwatuna. Red da Green da Blue suna cika fuskar da launi ɗaya don ka ga ɗigon da ya mutu ko inuwar da ta ƙone a jiki. Touch yana ba ka layukan ƙananan akwatuna ka bi su da yatsa, wanda ya ƙi canza launi nan taɓawa ta mutu. Receiver yana sa ƙara a sifikar kunne. A cikin Sensor, ka rufe saman wayar da tafin hannu, allon zai koma kore ta yi jijjiga. In bai yi ba, shi ya sa kumatunka ke katse kira. Danna madannin komawa baya sau biyu ka fita. Wasu wayoyin da aka shigo da su daga Amurka kamfanonin layin can sun rufe wannan shafi.

Tambaya: Muryar Tecno ɗina ta yi ƙasa sosai. An ce akwai shafin injiniya da ake ƙara ta. *Direba daga Bauci*

Amsa: Akwai, amma shi ne mataki na ƙarshe. Waya da a da take da murya yanzu ta rage, ba saiti ne ya canza ba. Ragar sifika ce ta toshe da ƙura da gumi, ko maganaɗisun sifikar ya tara garin ƙarfe. A goge ragar da busasshen buroshin haƙori. In mai gyara ya buɗe, ya auna da mita: babbar sifika takan ba da wajen ohm 8, ta kunne wajen 32. In mita ba ta motsa ba, sifikar ta yanke.

In duk wannan lafiya ne, a wayoyi masu injin MediaTek lambar ita ce *#*#3646633#*#*, a masu injin Spreadtrum ko Unisoc, irin na itel da yawa, *#*#83781#*#*. A tsofaffin MediaTek ka shiga Hardware Testing, sannan Audio. Normal Mode na kunne ne, LoudSpeaker Mode na babbar sifika. Sph muryar wanda kake magana da shi ce, Mic taka ce, Media na karatu da bidiyo. Kowanne yana da matakai daga 0 zuwa 6, kowane mataki da lambarsa da ba ta wuce 255. Ka rubuta tsofaffin lambobin a takarda tukuna. Ka ƙara 5 ko 10 kawai, ka danna Set, ka gwada. In ka ɗaga da yawa murya za ta fashe, siririyar wayar cikin sifika ta yi zafi ta ƙone. Sid kuma ka bar shi yadda yake, shi ne ke sa a riƙa jin amsa-kuwwa. Duk wanda ya ce zai canza maka IMEI ta irin wannan shafi, ka ƙi. A ƙasashe da dama laifi ne, Birtaniya ma tun 2002 ta yi masa doka ta musamman.

Gajerun amsoshi

Ga wanda ya manta lambar sirrin Nokia: ta kamfani 12345 ce. In ka yi kuskure sau biyar a jere wayar za ta daina karɓa, ka bar ta a kunne minti biyar ka sake. *#7780# mai mayar da saiti da *#7370# mai share komai dukansu sai da lambar suke aiki. In an canza ta kuma ta ɓace, sai filashin wurin mai gyara, ka tafi da shaidar cewa wayar taka ce. Ƙananan wayoyi masu madannai na wasu kamfanoni sukan zo da 1234 ko 0000 ko 1122. In sim ne ke neman PUK, wannan ba na waya ba ne: lambobi takwas ne da ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin, kuma kuskure goma yana kashe shi har abada.

Ga mai BlackBerry: danne Alt da Shift da H tare, shafin Help Me zai nuna IMEI da kashin batir da ƙarfin sabis. Riƙe Alt ka rubuta NMLL, sandunan sabis su koma lamba.

Ga mai tsohuwar iPhone: *3001#12345#* sannan ka danna kira. Har zuwa iOS 10 lambar dBm tana fitowa a kusurwar sama inda sanduna suke. Daga iOS 11 sai an shiga cikin jerin an nemo ta.

Ga mai Sony Ericsson K750i da W810i: ba lamba ake dannawa ba, sandar tsakiya ko madannin kewayawa ake haɗawa da tauraro. Daga allon farko: dama, tauraro, hagu, hagu, tauraro, hagu, tauraro, da sauri, ba tare da kula da abin da allon ke nunawa a tsakani ba. A cikin Service tests akwai gwajin allo da madannai da sifika da jijjiga da kyamara, da na makirfo wanda zai naɗi muryarka ya maimaita maka. In sandar ta daina zuwa hagu, abin da ya zama ruwan dare a K750i, shafin ba zai buɗe ba sai an ɗiga mata sifirit an motsa ta ta bushe, ko an canza ta.